Dashen jijiyar mamaci a dantsen mai rufin gini: yadda motsi ya dawo da inda ya tsaya

Majinyacin namiji ne ɗan shekara 34, sana'arsa rufin gini, da hannun dama yake aiki. Ya zame daga saman gini tare da fallen kwano. Ƙafarsa ta hagu ta karye a ƙwauri, bakin kwanon kuma ya yanke shi a gefen dantsen dama ta waje, kimanin santimita 10 sama da gwiwar hannu. A asibitin da aka fara kai shi hankalin kowa na kan jinin da ke zuba da ƙafar da ta karye. An tsayar da jini, an ɗinke fatar dantse, an sa wa ƙafa ƙarfe. Sai da kumburi ya sauka aka lura wuyan hannunsa ya faɗi: idan ya miƙa hannu gaba, tafin sai ya yi reto ƙasa, ba ya iya ɗaga shi, ba ya iya miƙe yatsu daga gindinsu, babban yatsa kuma ya kwanta cikin tafi. Gwiwar hannu tana miƙewa lafiya lau. A bayan hannu, tsakanin babban yatsa da manuni, akwai wani fili da ko an tsikare shi da allura ba ya ji.

Waɗannan alamu na jijiyar radiyal ne, ɗaya daga manyan jijiyoyin saƙo uku da ke sarrafa hannu. Tana zagayowa ta bayan ƙashin dantse ta ɓullo ta waje, daidai inda kwanon ya sare shi, kuma ita ce ke kai umarni ga duk tsokokin da ke ɗaga wuyan hannu da miƙe yatsu daga gindinsu. Rassan da ke zuwa tsokar bayan dantse suna rabuwa tun daga sama, shi ya sa gwiwar ta tsira. Mutum zai ɗauka tunda yana iya dunƙule yatsu ai da sauƙi. Duk mai son ya gane girman asarar, ya saki wuyan hannunsa ya lanƙwashe ƙasa, sannan ya gwada damƙe ƙotar guduma. Ƙarfin damƙa yana buƙatar wuyan hannu ya ɗan karkata sama ya tsaya cak. In babu wannan, yatsu suna rufewa amma ba sa riƙe komai.

An ce masa jijiyar buguwa ta yi, ya jira za ta farfaɗo. Wannan shawara tana da wurinta. Idan ƙashin dantse ya karye ba tare da fata ta tsage ba, jijiyar radiyal takan sume, kuma mafi yawanci tana dawowa da kanta cikin 'yan watanni. Amma idan abu mai kaifi ne ya shiga daidai kan hanyar jijiya, motsi kuma ya ɗauke nan take, ƙa'ida ita ce a ɗauka ta yanke har sai an buɗe an ga akasin haka. Da an buɗe a kwanakin farko, da wataƙila bakin biyu sun haɗu ba tare da wani dashe ba. Mako goma suka wuce kafin ya isa hannun likitan tiyatar jijiya, lokacin da gwajin lantarki da allura ya nuna babu ko ɗigon saƙo da ke isa tsokokin.

Me ya sa mako goma suka zama abin damuwa

Tun a 1850 Augustus Waller ya nuna, a kan jijiyoyin harshen kwaɗi, cewa idan aka yanke jijiya sashen da ya rabu da tushe ruɓewa yake yi daga ciki. Zaruruwan da ke ɗauke da saƙo suna narkewa cikin kwanaki. Abin da ke saura shi ne ƙananan bututun da suka kwanta a ciki, da wasu ƙwayoyin halitta da ake kira ƙwayoyin Shuwan, waɗanda ke share tarkace su jeru cikin bututun suna jiran sabon tsiro. Daga ɓangaren sama zaruruwan ke sake tohowa, suna tafiya kimanin milimita ɗaya a rana, wato kusan santimita 3 a wata idan komai ya tafi daidai. Don haka ɗinkin likita ba ya mayar da motsi. Hanya kawai yake buɗewa.

Ita kuwa tsoka ba ta jira har abada. Daga ranar da saƙo ya yanke take fara ramewa, kuma bayan wata 12 zuwa 18 wuraren da take karɓar saƙo suna lalacewa, kitse da tabo su fara maye gurbin namanta. Jijiyar da ta iso bayan wannan ta iso gidan da babu kowa. Ji a fata yana iya dawowa ko da an makara, amma motsi ba ya da wannan sassauci. Kuma agogon tsoka daga ranar rauni yake fara ƙirga, ba daga ranar tiyata ba. Wannan bawan Allah ya shiga ɗakin tiyata da bashin wata biyu da rabi a kansa.

Da aka buɗe, an tarar da jijiyar ta rabu biyu gaba ɗaya. Bakin sama ya dunƙule ya zama kullutu mai tauri, inda zaruruwan suka yi ta tohowa suna cuɗewa da tabo don sun rasa hanya. Bakin ƙasa ya ja baya ya ƙanƙance. Likita ya riƙa yanka siriri-siriri a kowane ɓangare, yana dubawa ta madubin tiyata, har sai da ya ga damman zaruruwa masu lafiya sun ɓullo fes suna ɗan tsattsafar jini. Wannan mataki yana da ciwo ga mai yi, domin kowane yanka ƙara faɗaɗa giɓi yake yi, amma ɗinka dashe a kan tabo ɓata aiki ne. Da aka gama, giɓin ya kai santimita 4. Jan bakin biyu da ƙarfi a haɗa su ba mafita ba ce. Hanno Millesi na ƙasar Austiriya ya tabbatar wa likitocin tiyata tun a shekarun 1970 cewa jijiyar da aka ɗinke a ɗame jini ba ya ratsa ta, tabo ne ke cika wurin, kuma gara ɗinki biyu a sake da dashe a tsakani da ɗinki ɗaya a ɗame.

Tun kafin ranar an tattauna da shi kan inda dashen zai fito. Abin da aka saba, wanda har gobe shi ne ma'aunin da ake gwada sauran hanyoyi da shi, shi ne a ciro jijiyar sural daga ƙafar majinyacin kansa. Jijiya ce ta ji kawai, tana bin bayan ƙwauri zuwa idon sawu, ana iya samun santimita 30 zuwa 40 daga ƙafa ɗaya. Tana zuwa da ƙwayoyin Shuwan ɗinta a raye, kuma jiki ba ya ƙin abinsa. Farashinta shi ne gefen sawu ta waje ya daina ji, a sami wani sabon rauni, wani lokaci kuma kullutu mai zafi ya fito inda aka yanke. A wajensa ƙafar hagu ba ta taɓuwa, akwai ƙarfe da raunin da bai gama warkewa ba. Ta dama kuwa ita kaɗai ke ɗauke da shi. Ya saurari bayanin har ƙarshe ya ce: "Likita, ƙafa ɗaya ta rage min, kuma da tafin ƙafa nake jin katako idan ina sama. A bar min ita." Ba wanda ya ga laifinsa. Akwai ƙananan jijiyoyin ji a hannu da ake iya cira, amma ba za su cika kaurin radiyal ba. Aka koma ga jijiyar da aka samo daga mamacin da aka ba da izinin amfani da sassan jikinsa.

Tambayarsa ta farko ita ce ko zai sha magani har ƙarshen rayuwa kamar masu dashen ƙoda. Tambaya ce mai tushe, domin da haka abin ya fara. A 1988, a birnin Toronto na Kanada, Susan Mackinnon ta dasa wa wani yaro jijiyoyin mamaci da ƙwayoyinsu a raye don cike wani dogon giɓi a cinya, kuma sai da ya daɗe yana shan magungunan danne garkuwar jiki kafin nasa zaruruwan su ƙetare a dakatar da su. Irin dashen da aka yi wa majinyacinmu daban ne. Ana wanke jijiyar da sinadarai har a fitar da duk ƙwayoyin halittar mai ita, a cire wasu sinadaran da ke hana tsiro, a kashe ƙwayoyin cuta da wani haske mai ratsa abu da ake kira gamma, a daskarar da ita. Abin da ya rage bututu ne zalla, babu abin da garkuwar jiki za ta yi faɗa da shi sosai, don haka ba a shan maganin danne ta. An fara amfani da irinsa a Amurka a 2007, tsawonsa ba ya wuce santimita 7, kaurinsa daga milimita 1 zuwa 5. Majinyacin ya nemi a ba shi lokaci ya yi shawara da iyalinsa da wanda ya amince da iliminsa na addini, aka ba shi, ya dawo ya sa hannu.

Ya kamata a fahimci abin da aka dasa ɗin. Kamar sanda ce da ake kafa wa tsiro mai yaɗo: ba ita ke girma ba, bin ta ake yi. Jijiyoyin jini ne za su fara shiga daga baki biyu, ƙwayoyin Shuwan na majinyacin su biyo baya su cika bututun, sannan zaruruwan saƙo su ratsa. A nan rauninsa yake. Idan dashen ya yi tsawo ƙwayoyin sukan gaji kafin su haɗu a tsakiya, idan ya yi kauri jini ba ya isa cikinsa da wuri. Saboda haka likitan bai sa guda ɗaya mai kauri ba, ya jera sirara guda uku gefe da gefe, ya ɗinke kowane baki da zaren da ya fi gashin kai siranta, ya bi da gam na musamman. Ya lanƙwasa gwiwar ya miƙe ta a kan teburin tiyata don ya tabbatar babu inda ke ja.

A ganina, ni mai gashin ƙashi da na kula da shi bayan tiyata, da ƙafarsa ta dama za ta taɓu, da sural zan so a ɗauka. Shaidar nasarar dashen mamaci ta fi ƙarfi a ƙananan jijiyoyin ji na yatsu masu gajeren giɓi. A manyan jijiyoyi masu ɗauke da motsi an ga nasarori, an kuma ga waɗanda aka sake buɗewa aka tarar tsiron ya tsaya a tsakiyar dashe. An faɗa masa wannan ƙarara, ba a ɓoye ba. Abin da ya ba mu ƙwarin gwiwa shi ne shekarunsa, yankan mai kaifi ne ba murƙushewa ba, giɓin bai kai ƙarshen iyaka ba, kuma radiyal tana cikin jijiyoyin da suka fi farfaɗowa saboda tsokokinta na farko suna kusa kuma aikinsu ba mai sarƙaƙiya ba ne.

Watannin jira

Daga nan aikin ya dawo ɗakin gashin ƙashi, inda nake. Mako uku na farko an tsare gwiwar a lanƙwashe don ɗinki ya kama, sannan aka riƙa sakinta a hankali. An yi masa abin tallafe hannu na roba da ke riƙe wuyan hannu a sama, da wasu robobi masu jan yatsu su miƙe idan ya sake su, ta yadda zai iya ɗaukar kofi ya ajiye. Kowace rana, sau da yawa, yana amfani da hannun hagu ya lanƙwasa kowace gaɓa ya miƙe ta har ƙarshe, musamman ratar da ke tsakanin babban yatsa da manuni, wadda ke saurin tsukewa. Aiki ne mai gundura, babu abin da yake nunawa a ido. Amma tsokar da ke farfaɗowa rarrauna ce ƙwarai, ba za ta iya jan gaɓar da ta sandare ba, kuma tsokar da aka bari tana reto wata da watanni miƙewa take yi ta rasa ƙarfin jan. An kuma nemi ya bar taba sigari, domin tana tsuke ƙananan jijiyoyin jinin da dashen ya dogara da su. Ya rage ta sosai, bai bari gaba ɗaya ba.

Abin da muke bi a wannan lokaci shi ne alamar da likitan Faransa Jules Tinel ya bayyana a 1915 a kan sojojin da suka ji rauni. Ana ƙwanƙwasa hanyar jijiyar da kan yatsa, daga ƙasa zuwa sama, har a zo inda majinyaci zai ji zirr ya harba zuwa bayan hannu. Nan ne kan tsiron ya kai. Nakan sa alama da biro, in auna daga tabon. A wata na biyu bayan tiyata zirr ɗin yana kan tabo bai motsa ba. A wata na uku ma haka, ɗan kaɗan ya gusa, kuma hankalinmu bai kwanta ba, domin alamar da ta kafe wuri ɗaya tana nufin tsiro ya maƙale. An tsayar da magana cewa idan wata na biyar ya cika babu ci gaba, za a sake shiga a karkato reshen wata jijiya mai lafiya zuwa kusa da tsokokin. A wata na huɗu alamar ta ɓullo ƙasa da dashen, daga nan kuma ta riƙa sauka kusan santimita 2 zuwa 3 kowane wata.

A tsakanin nan ya taɓa shigowa fuskarsa cike da murna yana cewa yatsu sun fara miƙewa. Ya nuna min: ya saki wuyan hannu ya faɗi, yatsun suka buɗe, gaɓoɓin ƙarshe suka miƙe. Na riƙe masa wuyan hannun a miƙe, na ce, "Malam, to ɗaga su daga gindi." Ko motsi. Faɗuwar wuyan hannu ce ke jan igiyoyin tsoka ta baya su buɗe yatsu, gaɓoɓin ƙarshe kuwa ƙananan tsokokin cikin tafi ne ke miƙe su, kuma ba radiyal ce ke sarrafa waɗannan ba. Faɗa masa haka bai yi min daɗi ba, amma rubuta motsin bogi a matsayin warkewa yana iya sa a rasa lokacin da ya kamata a sake tiyata.

Motsi na gaskiya ya zo a wata na shida, kuma ba a wuyan hannu ba. Na sa ya lanƙwasa gwiwa babban yatsa na kallon sama, ina danne hannun, yatsuna biyu a kan tsokar da ke gefen sangalin hannu. Sai na ji ta ɗan harba ƙarƙashin fata. Ita ce tsokar farko a kan hanyar jijiyar, kuma a ma'aunin ƙarfin tsoka na 0 zuwa 5 wannan mataki na 1 ne. Wata guda bayan haka wuyan hannu ya fara motsi idan an kwantar da hannun a gefe kan tebur mai santsi inda nauyi ba ya aiki a kansa. Yana karkata wajen babban yatsa, domin tsokar wannan ɓangaren ce ta riga ta ɗaya gefen samun saƙo. A wannan mataki ba a ɗora nauyi. Tsokar takan gaji bayan ja biyar ko shida, kuma ƙwaƙwalwa ta manta hanyar, sai an sake koya mata: yana kallon hannun hagu yana yin motsin, yana kwaikwaya da dama. Ya kuma yi fama da zafi mai kama da ƙuna a bayan hannu, wanda ke ƙaruwa da dare, aka ba shi maganin zafin jijiya na wasu watanni.

A wata na tara yana ɗaga wuyan hannu sama da kansa, mataki na 3. A wata na 12 yatsu huɗu suka fara tashi daga gindi. A wata na 18 wuyan hannu ya kai mataki na 4, yana tsayawa ko ana danne shi, yatsu suna tsakanin 3 da 4, ƙarfin damƙarsa kuma ya dawo har yana riƙe guduma. Babban yatsa ne ya tsaya a mataki na 2. Yana motsi a kwance, amma ba ya tashi ya buɗe tafi don kama abu mai faɗi.

Lissafin ba ɓoyayye ba ne. Daga bakin jijiyar na sama zuwa tsokar farko kimanin santimita 12 ne. Zuwa tsokar da ke miƙe babban yatsa ya haura 25. Idan aka haɗa nisan, da jinkirin ƙetare ɗinki biyu da dashe marar ƙwayoyi, da makonni goman farko, saƙon ya isa can lokacin da tsokar ta shafe fiye da shekara guda ba ta ji komai ba. Na fi ɗora alhakin a kan makonnin nan goma fiye da a kan dashen, ko da yake watanni ukun da alamar Tinel ta yi tana jan ƙafa a cikinsa su ma an biya su daga aljihun babban yatsa, kuma jijiya mai rai daga ƙafarsa da wataƙila ta rage wannan jinkiri.

A wata na 20 aka yi masa ƙaramar tiyata ta biyu. Akwai wata siririyar tsoka a cikin sangalin hannu ta gefen tafi, wadda rashinta ba ya rage komai, wasu mutane ma ba a haife su da ita ba. Shi yana da ita, kuma wata jijiyar daban ce ke sarrafa ta. An karkato igiyarta aka haɗa da igiyar da ke miƙe babban yatsa. Bayan mako huɗu a filasta da wasu makonni na koyo, yana buɗe yatsan ya kama kwalba ya sake ta.

Ya koma aiki, amma a ƙasa: awo, yankan katako da haɗa shi, saboda ƙafar hagu ba ta amince masa da tsani ba tukuna. Fatar bayan hannu tana jin taɓi da zafi, sai dai ba ta bambance abubuwa biyu da ke kusa da juna, kuma sanyi yana sa ta tsami. Manuni ba ya miƙewa shi kaɗai sai tare da sauran yatsu, domin tsokarsa ce ta ƙarshe a layin. Ana ci gaba da auna ƙarfin wuyan hannu da na yatsu duk bayan wata shida har shekara ta uku, tunda tsokar da ta sami saƙo takan ci gaba da ƙara ƙarfi bayan jijiyar ta gama tafiyarta.